Sahun Farko na Ruwan Randa

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Daga "ke" sai "waccan". Yabona a gaban mutane kuwa, ko da wasa.

Lokacin da nake digiri na biyu a Dutsin-Ma, matan garinmu Tamawa suka sa ta a gaba. Duk taron suna sai an tambaye ta me waccan take karantawa har yanzu. Ta ce musu ruwa. Suka yi ta dariya, wai ruwa ma sai an je jami'a. Abin ya ci mata rai, ni ma ya ci mini, don ba na son a mayar da uwata abin dariya a kaina.

Da na zo hutu ta ritsa ni a gindin randa.

"Ke, hwaɗa mani abin da zan ce masu. Mi kike yi ma ruwan?"

Na buɗe kwamfuta a kan tabarma. Na nuna mata ƙananan ƙwayoyin ruwa da ido ba ya gani, waɗanda na'urar ke kwaikwayo da lissafi, suna ta wutsil-wutsil a jikin bangon yumɓu. Can tsakiya kowace ta kama gabanta, amma dab da bango sai su jeru kamar sahun salla. Na ce mata cikakken lissafin yana da cin lokaci ƙwarai, shi ya sa muke kintace: mu ɗauka ƙwayoyin bangon a daskare suke, alhali suna ɗan motsi. Aikina shi ne in auna yadda kintacen ya kauce wa gaskiya.

Na jera mata biyun gefe da gefe, na cikakken lissafin da na kintacen. Ta matso har hancinta na neman taɓa gilashin.

"Nan baya duk ɗaya ne," in ji ta. "Sahun hwarko ne na wannan ya cika miƙewa."

Na ce ai shi ke nan binciken nawa, nesa da bango kintace ya isa, a jikinsa ne yake ɓata. Ta ce ashe gishirin miya ne, na tukunyar biki ba mai gane kuskurensa, na ƙaramar tukunya ke tona mutum. Muka yi dariya har da riƙe ciki.

Kafin hutun ya ƙare aka yi suna a maƙwabta. Ina ɗaki a gidan sunan ina taya cuɗa fura na ji an sake tsokanar Inna. Sai na ji muryar Inna ta tashi. Ta ce ruwan randarsu sahu yake yi ba su sani ba. Ta ce akwai ruwa da yumɓu cikin na'urar, wai har ina ba su umarni suna bi. Rabin bayanin ba haka yake ba. Na yunƙura zan fita in gyara, sai na ji kowa a tsakar gidan na saurarenta. Na koma na zauna. Wannan kintacen ya isa.

Wata tsohuwa ta ce, "To wa ya gano duk wannan?"

"Ɗiyata mana!" in ji Inna.

Gidan ya kaure da shewa, 'yar fari ce fa! Na leƙo ta labule, farin ciki ya cika ni har da ƙwalla. Inna ta rufe baki da mayafi don kunya, amma ba ta janye maganar ba.