Shekarar da Na Roƙi Zazzaɓi

A shekarar da nake faɗi, mu biyu kaɗai muka rage a ƙauyenmu, ni da mahaifina. Ƙauyen gida tara ne a bakin daji, tsakanin Ruma da Wagini. Lokacin ko labarin Nasara ba mu taɓa ji ba. Sarki yana can Katsina yana aika gaisuwa Sakkwato, mu muna nan mahara suna fitowa daga daji suna kwashe mutane da shanu. Da aka haɗa mana da damina biyu marasa albarka, sai mutane suka ɗaure kayansu suka koma cikin ganuwar Ruma. Baba ya ce shi ba ya barin gonar ubansa. Ni kuma mijina ya rasu, ban haihu ba, na dawo gida, in na tafi babu mai dafa masa. Na zauna, amma ba da daɗin rai ba, kuma na tabbatar ya san haka.

Ni ce 'yar fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Ke," shi ne sunana a bakinsa. Sai mu wuni maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba. In na yi daka da hantsi, turmina ne kaɗai ke ƙara a ƙauyen, in na tsaya kuma sai shiru ya dawo. Har na koma hira da awaki, ina yi musu faɗa kan abin da ba su suka yi ba. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarar nan.

Bayan kaka kura ta fara zagayen awakin, muka fita gyaran shinge. Muna jan wani reshen farar ƙaya, shi ta gindi ni ta kai, reshen ya kufce. Ƙaya ta shige mini tafin hannun dama, wata ta shige masa ƙafa ta gefen takalmi. Kowa ya cire tasa, muka ci gaba da aiki.

Kwana biyu hannuna ya haye. Ya yi ja, ya yi sheƙi, yana bugawa ciki kamar ana daka. Kaluluwa ta fito mini a hammata, zazzaɓi ya rufe ni har haƙorana na haɗuwa. Shi kuwa Baba ko ɗis. Wurin da ƙayar ta shiga ya yi fari, a bushe, babu kumburi, babu zafi. Yana ɗingishi kaɗan yana kai wa awaki harawa. Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, shi ya ƙi tashi daga ƙauyen, shi ya ja reshen, ni ce da shan wuya. Da ya leƙo ya ce, "Ke, ya jikin?" sai na ce da sauƙi, na juya masa baya.

A kwana na biyar wanzami ya iso. Tsoho ne daga Wagini, abokin Baba tun suna samari, shi kaɗai ke biyo hanyarmu a kan jakinsa don ya yi wa Baba aski. Ban bari ya gama gaisuwa ba na miƙa masa hannu.

"Baba wanzam, ka gasa ƙarfenka ka yi mini sakiya yau ɗin nan. Na gaji."

Ya danna gefen kumburin da babban yatsa, na kusa zaginsa. Ya taɓa goshina, ya taɓa hammatar, ya yi dariya.

"Ɗiyata, wanga hannu bai nuna ba. In na huda yanzu jini za ki gani, kuma na ɓata musu aiki."

"Su wa?"

"Masu tsaron jikinki. Ni ban taɓa ganinsu ba, ubana ma bai gani ba, amma cikin jini suke. Ba su tambayar baƙo sunansa, duk abin da ya shigo ta fata sai su taru a kansa, kamar yadda gari ke fitowa in an yi kururuwa. Kumburin nan taruwarsu ce. Kaluluwar nan hanya suka datse, kada abin ya kai ƙirji. Mugunyar da kike ƙyama kuwa gawarsu ce haɗe da ta abin da suka kashe. Ki ba su kwana ukku."

Na ce masa waɗannan masu tsaro sun fi ƙayar mugunta. Ya ce ai gidan suka biyo, masu faɗa ne kamar mai jikin. Sannan na ƙara da abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Ga Baba nan, ƙayar reshe guda ta soke mu, shi tuni ya warke."

Wanzami ya daina dariya. Ya sa Baba ya zauna, ya ɗauki ƙafar ya ɗora a cinyarsa. Ya daɗe yana dubawa. Ya danna, Baba bai motsa ba. Ya lalubi matsematsinsa, babu kaluluwa. Ya shinshina wurin. Gefen farin ya fara duhu, ni dai ban lura ba sai lokacin. Ya yi masa askin, suka yi ba'arsu ta tsofaffi, amma da zai tafi ya ja ni bayan rumbu.

"Mi yake ci?"

Na ce tuwo, sau ɗaya, shi ma rabi yake ci ya turo mini sauran. Tun damina haka yake yi, na ɗauka tsufa ne ya rage masa ci.

"Yunwa da tsufa sun cinye masa mayaƙa," in ji shi. "Ƙafar nan an shigo mata, babu wanda ya fito. Ki ba shi nono, ki ba shi romo, ki riƙa gasa masa ita. In kin ji jikinsa ya ɗau zafi, ki gode wa Allah."

Ranar na yanka kazarmu ta ƙarshe da hannun hagu. Na tatsi akuya, na dama fura, na tsaya a kansa ina faɗa har sai ya shanye. Ban taɓa taɓa goshin mahaifina ba tun da na yi wayo, amma daga ranar kullum da safe sai na taɓa. Shi ya kau da kai don kunya, ni na kau da kai. Bayan kowace salla, ina rawar sanyi da nawa zazzaɓin, ina roƙon Allah Ya ba shi irinsa. Ba ni da wanda zan gaya wa wannan addu'a ya ce amin. Goshin nan sanyi ƙalau, duhun kuma yana hawa zuwa idon sawu.

Wata safiya ina shafa masa ƙafar, hannuna mai ciwo ya taɓa ƙaurinsa. Ya ce, "Ke, bar shi nan. Da ɗumi." Tun daga nan sai in zauna in ɗora masa kumburarren hannun, ya lumshe ido. A zaman nan ne ya ba ni labarin yadda ya fara ganin mahaifiyata a bakin rijiya. Cikin kwana ukun nan ya yi mini maganar da bai yi ba a shekara talatin.

Wanzami ya dawo kamar yadda ya ce. Kumburin ya yi laushi, ya yi kai fari. Ya gasa ƙarfe ya huda, mugunya ta zuba har ta cika sakaina, nan take na ji an sauke mini kaya. Ya duba ƙafar Baba, ya rufe ta da zane. Kafin la'asar zazzaɓina ya sauka.

Washegari Baba bai iya tashi ba. Ya ƙi furar. Da hantsi ya ce, "Ke, kawo hannun nan."

Hannun ya huce, ya koma kamar na kowa. Na ce ina zuwa. Na fita murhu, na kara shi a kan garwashi har fatar ta fara ƙuna, na dawo da sauri na ɗora masa. Ya ɗora nasa hannun a kan nawa.

"Har yanzu shina faɗa," in ji shi. "Madalla. Ke za ki tashi."

Sau huɗu na koma murhu a wunin nan. Da na dawo na biyar ya riga ya cika. Na zauna da hannun a ƙafarsa har ya huce, sannan na rufe ɗakin na kama hanyar Wagini, don ni kaɗai ba zan iya haƙa kabari ba.