Oom Barend da Ƙaramar Wuta

Barend Lategan ya yi rayuwarsa yana tuƙa manyan jiragen ƙasa masu aiki da kwal tsakanin De Aar da Kimberley. Da ya yi ritaya ya koma Bloemfontein, sai ya sayi ƙaramin kan jirgi mai tururi, wanda bai fi tsawon damtsensa ba, mai aiki da gas. Ya ɗauka wasa ne. Sau biyu yana faɗuwa gwajin ƙungiyar masu ƙananan jirage.

Dokar ƙungiyar a fili take. Duk mai son tuƙi a ranar baƙi sai ya zagaya layin lambun da tarago a gaban mai duba, ba tsayawa. Wanda ya faɗi sau uku, rumfar suyar fanke za a tura shi sai baɗi. Mai dubawar kuwa Ntate Lebusa ne, wato Baba Lebusa, likitan haƙori, wanda bai taɓa riƙe shebur ɗin kwal ba. Wannan ya fi komai ci wa Barend rai.

Hannunsa ne matsalar. Hannun da ya saba ciyar da wuta kafin hawan tudu ba ya yarda da harshen wuta mai kama da ƙwayar wake. A ƙaramin jirgi kuwa, dole gas ya riga ruwan tukunya ƙarewa, in ba haka ba tukunyar ta ƙone.

Gwaji na uku ya faɗo a safiyar wata Asabar cikin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar, ciyawa fari fat da ƙanƙara. Barend ya zuba ruwa, ya sa mai, ya cika tankin gas, ya kunna. Wutar ta yi fuf ta mutu. Sanyi ya hana gas ɗin tashi.

"Oom, ko in kawo maka bargo ka lulluɓe ta?" in ji Lebusa. Oom, wato kawu, haka ake kiran dattijo a can.

"Ntate, je ka nemi bakin da za ka leƙa. Wannan aikin maza ne."

"Ruwa mai ɗumi za ka zuba wa tankin. Mai ɗumi na ce, irin na wankan jariri."

Barend ya ji. Amma yatsunsa sun sandare, 'yan ƙungiya sun taru suna hura kofi suna kallo. Ya buɗe filas ɗinsa ya kwarara ruwan zafi a kwamin da tankin gas ɗin ke ciki.

Wutar ta kama da gurnani. Jirgin ya fizgi taragon ya wuce gadar katako da gudu, tururi na tsiri ta sama kamar buta ta tafasa. Barend ya bi shi da sassarfa, gwiwa na ciwo, fuska a washe.

"Rage wuta, Oom! Ruwanka kake zubarwa a iska!"

"Hawa na gaba! Ba a rage wuta a gindin hawa!"

A tsakiyar hawan jirgin ya ja numfashi ya tsaya. Tururi ya ɗauke, wutar kuwa tana ci. Warin fenti mai ƙuna ya tashi. Barend ya durƙusa ya kashe gas ɗin.

Lebusa ya iso, ya tsuguna ya duba gilashin da ke nuna ruwan tukunya. Babu ko ɗigo. Bai yi dariya ba.

"Wataƙila tukunyar ta tsira. Amma tuƙi sai baɗi, Oom."

"Na sani," in ji Barend. Ya kai hannu zai ɗauki jirgin, ƙarfen ya ƙone shi. Dole ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, a gaban kowa, yana jiran ya huce.