Ƙarar da Ke Ƙafar Baya

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ni ke tuƙa bas ɗin wata ƙaramar makarantar kuɗi a Nassarawa GRA. Na gama karatun koyarwa, aiki bai samu ba, sai kawuna ya haɗa ni da mai makarantar, wata Kirista 'yar ƙasar Zariya da kowa ke kira Madam. Tsohon gida ne mai faɗin fili da manyan darbejiyoyi. Ta mayar da ɗakunan gaba azuzuwa, ita da mahaifiyarta, wadda muke kira Mama, da 'ya'yanta uku suna zaune a sashen baya. Da safe in ɗebo yara daga Gama da Tudun Wada, da rana in mayar da su.

Motar ta girmi duk yaran da nake ɗauka, nesa ba kusa ba. Na san kowane kukanta, na ƙofa da na gilashi da na salansa. Shi ya sa ranar da sabuwar ƙara ta fito, nan take na gane baƙuwa ce. Na taka birki zan sauke wata yarinya, sai na ji "gwaf!" daga baya ta hannun dama, kamar an buga guduma a ƙarƙashin kujera. Da na tashi motar, ta sake.

Na ce ko jak ne ke yawo a baya. Na naɗe shi da tsumma na cusa a lungu, washegari ƙarar tana nan. Na girgiza salansa, a ɗaure take. Na hau bayan motar na yi ta dannawa ko shoka mai tare girgiza ce ta mutu, ban ji komai ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, in ina tafiya a miƙe a kan kwalta mai kyau, shiru kake ji. Sai na taka birki, ko zan tashi, ko na faɗa rami. Ga damina ta kama, ramukan Gama duk sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka shiga.

Garin kuma a lokacin ba daidai yake ba. Saura 'yan kwanaki a yi taron ƙaddamarwa, kuma ba wanda ya manta rikicin Shari'a da ya faru a Kaduna watannin baya. A masallacinmu murna ake yi, ni ma ina ciki. A makaranta kuwa, in na shiga ɗakin malamai sai hira ta tsaya, a gaisa da ni da fara'a, a jira in fita. Iyaye sun fara riƙe yaransu a gida. Motar da nake cikawa ta koma rabi.

Ana saura kwana uku Madam ta kira ni ofis bayan an tashi.

"Malam Direba, gobe da safe za ka kai Mama da yarana Zariya, da malamai biyu. Ni ina nan, ba inda za ni." Sannan ta ce, "Ba don ina tsoron kowa ba ne. Mama ce ta ƙi cin abinci."

Na ce, "Madam, akwai wata ƙara a ƙafar baya. Kwana huɗu ke nan, ban gano ta ba. Ba na son in hau hanyar Zariya da ita."

Ƙanenta yana zaune a gefe, akawu ne a wani kamfani a Bompai, ya zo ne don maganar tafiyar. Ya miƙe ya ce in nuna masa. Muka fita inda motar ke tsaye, gab da get, a gaban ɗakin maigadi. Ya karɓi sifanar taya ya fara gwada notuna ɗaya bayan ɗaya. Huɗu suka ƙi motsi. Na biyar kuwa yana ɗora hannu ya juya kamar murfin kwalba.

Ya ɗago a hankali.

"Wa ya taɓa tayar nan?"

Ya juya wajen yayarsa ya koma Turanci, yana magana da sauri: a ina motar ke kwana, wa ke riƙe da get, wa ya ji ana shirin tafiya tun jiya. Bai ambaci kowa ba, amma idonsa yana kan Baba maigadi.

Baba mutumin ƙasar Katsina ne, ya riga makarantar zuwa gidan. Shi ke goya autan Madam ya zaga da shi cikin fili in yana rigima. Makon nan kaf yana ta gaya wa kowa cewa ko da rarrafe sai ya je filin taro, har ya kai farar rigarsa wanki. Ba ya jin Turanci, amma ya ga inda idanu suka nufa. Ya rage muryar rediyonsa, ya tashi daga kan benci.

"Madam, lafiya dai?"

"Ba komai, Baba," in ji ta, amma ba ta dube shi ba.

Ni kuwa na san wanda ya taɓa tayar nan. Kwana goma kafin nan ta yi faci a Gama ana tsakiyar ruwan sama, yara suna ta kuka a ciki. Ni na canza ta da hannuna, a gurguje. Na ji noti ɗaya ya shiga a karkace, na danne shi da ƙarfi na ce zan dawo kansa, na manta. Maganar tana bakina. Amma na dubi fuskar ƙanen Madam, na tuna ni ma Musulmi ne, saurayi, ga ɗan gemun da na fara tarawa, ga makullin motar a aljihuna. Na ce a raina in na yi magana, kaina abin zai dawo. Sai na haɗiye ta.

"Ya isa haka," in ji Madam. "A kira bakanike."

Na hau acaɓa na ɗauko shi daga Tudun Wada. Dattijo ne siriri mai ƙarancin magana, shi ke duba motar tun kafin in zo. Muka tarar da su yadda na bar su: Madam a tsaye ta harɗe hannu, ƙanenta riƙe da sifana, Baba ya koma bakin ɗakinsa ya zauna a ƙasa, rediyon a kashe.

Ƙanen Madam ya nuna masa notin. Bakanike ya taɓa shi da yatsa ya ce, "Noti ɗaya ba ya irin ƙarar da yaron nan ya faɗa min. A ɗaga ta."

Na sa jak na ɗaga. Ya kama tayar sama da ƙasa ya jijjiga, ya kama ta gefe da gefe ya sake. "Boris ɗin da taya ke juyawa a kai lafiya lau." Ya juya ta da hannu ya kara kunne. "Birki ba ya goga." Ya leƙa ya ja shoka, ya ce ta tsufa amma ba ita ba ce. Duk abin da ya ce lafiya yake, sai in ga ƙanen Madam ya gyaɗa kai, kamar ana ƙara tabbatar masa da abin da yake zato.

"Sauke ta. Shiga ka ja ta a hankali, in na ɗaga hannu ka taka birki da ƙarfi."

Na ja motar cikin filin makaranta, yana biye da ita a sunkuye, idonsa a kan tayar. Ya ɗaga hannu, na taka. Gwaf! Madam har ta dafe ƙirji.

"Koma da baya. Taka."

Gwaf!

Sai ya tsuguna ya sa yatsunsa tsakanin tayar da jikin mota, ta gaba. Yatsu uku suka shiga. Ya zagaya ɗaya ɓangaren ya gwada, tafin hannunsa gaba ɗaya ya shige har da saura.

"To," in ji shi. "Ƙafar ce ke tafiya gaba da baya."

Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Muka ɗaga motar muka tokare ta da kututture. Ya daɗe a ciki, ba ka jin komai sai ƙarar sifana da nishinsa. Hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara kaɗa darbejiya. Ba wanda ya zauna. Na saci kallon Baba sau biyu, yana jan carbi, idonsa a ƙasa.

Da bakanike ya fito, guntun ƙarfe ne a tafin hannunsa, bai kai tsawon yatsa ba.

"Madam, kin ga wannan? Santa-bol muke ce masa. Shi ke tsire ƙarafan sifirin da motar ke zaune a kansu ya haɗa su wuri ɗaya, kansa kuma ya kafe ƙarfen da tayoyin baya ke kai. Ya karye. In an taka birki ƙarfen ya zame baya, in an tashi ya zamo gaba. Shi ne ƙarar."

"Karya shi aka yi?" in ji ƙanen Madam.

"Da me? Sai an kwance rabin ƙarƙashin motar ake kai masa." Ya juya guntun ya nuna bakin karayar. "Duba nan, ranka ya daɗe. Ƙarfen da ya karye jiya fari yake ƙal. Wannan ja ne, tsatsa ta cinye shi, sai ɗan gefen nan kaɗai ke sabo. Ya fi wata uku yana tsagewa. Ramuka ne da lodi. Da kun hau hanyar Zariya da gudu a haka, ban san inda za ta tsaya da ku ba."

Madam ta sauke numfashi. Amma ƙanenta bai saki ba.

"To notin fa?"

Bakanike ya kwance shi ya ɗaga sama ya leƙa cikinsa. "Zaren ya cinye. Wanda ya ɗaura tayar nan ƙarshe ya sa shi a karkace ya danne. Ba kwance shi aka yi ba, tun farko bai kama ba."

"Ni ne," na ce. "Ni na canza ta a Gama, ranar da aka yi ruwa."

Duk suka juyo. Madam ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Baba ne ya taso a hankali ya zo gabana.

"Ɗana, tun ɗazu ka sani?"

Na kasa ɗaga kai.

Baba ya juya. Ya wuce ya buɗe get don bakanike ya fita, zai je Ƙofar Ruwa nemo sabon ƙarfe kafin ruwa ya sauko. Madam ta bi shi har bakin get tana cewa, "Baba, ka yi haƙuri, ka san halin da ake ciki." Ya ce, "Na sani, Madam. Ba komai." Ƙanenta ma ya matsa ya miƙa masa hannu, Baba ya karɓa ya saki.

Kafin magariba an ɗaure komai. Da safe muka kama hanya. Mama tana gaba kusa da ni da Littafi Mai Tsarki a cinyarta, yaran da malamai a baya. Duk shingen 'yan sanda da muka tarar, in na taka birki sai in kasa kunne ina jiran ƙarar. Ba ta yi ba. Sai da muka wuce Kwanar Dangora Mama ta buɗe leda ta miƙo min ƙosai.

Taron ya zo ya wuce, ba abin da ya taɓa unguwarmu. Baba ya je da farar rigarsa, ya dawo da yamma ya karɓi get. Bayan mako guda na koma Zariya na ɗauko su Mama, makaranta ta ci gaba.

A ƙarshen wannan watan Baba ya gaya wa Madam zai je gida ya duba gona, damina ta yi nisa. Ta roƙe shi ya faɗi ranar dawowa, ya ce sai yadda Allah ya yi. Na same shi a ɗakinsa yana naɗe tabarma, na tsuguna na ce ya yafe min.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," in ji shi, yana ɗaure tabarmar da igiya.

Na ce bari in kai shi tasha a mota. Ya ce a'a, kayan ba su da nauyi. Na riƙe masa jakar har bakin titi, ya tsayar da acaɓa ya hau. Madam ta bar ɗakin a rufe har bayan kaka kafin ta ɗauki wani maigadin. Ni kuma na ƙara shekara biyu a makarantar, sannan aikin koyarwa ya fito aka tura ni ƙauye.