Farin Tef a Aljihun Baba

Ni ne babba a gidanmu, kuma ni ne na sha duka a garejin Baba da ke unguwar Treichville a Abidjan, bayan layin masu sayar da tayoyi. Gyaran wutar mota muke yi. Shekara goma sha biyar ina riƙe wa Baba waya, ina ƙona yatsu, har na kai ko da ido rufe zan gaya maka wayar da ta mutu. Ƙanena kuwa makarantar koyon sana'a aka kai shi. Ya dawo da takarda, da Faransanci mai santsi, da riga mai aljihu uku. Hausarsa ma sai ya yi ta tuntuɓe.

A shekarar da nake ba da labari hannun Baba ya fara rawa. Kowa ya san zai ajiye aiki, kuma kowa ya san abin da ake jira: wa zai bar wa motocin Alhaji? Alhaji dillalin shanu ne, manyan motocinsa ke ɗauko dabbobi daga arewa zuwa Abidjan. Wanda duk ya riƙe aikin motocin nan, shi ne mai gareji. Ni dai a raina na gama rabo tuntuni. Wa kuma, in ba ni ba?

Wata safiya aka kawo ɗaya daga cikinsu. Injinta ya taɓa dahuwa a hanya da shanu a ciki, don haka Alhaji ya sayo agogunan zafi guda uku a sa mata: na ruwa, na baƙin mai, da na man giya. Kowane agogo yana da ɗan ƙarfensa da ake murɗawa a jikin inji, sondi muke ce masa, shi ke jin zafin ya aika wa allura ta waya. Takardar da ke cikin kwalin da Faransanci take. Baba ya juya ta, ya sake juyawa, sai ya miƙa wa ƙanena.

"Kai ka yi wannan. Yayanka ya kama maka."

Ya kama maka! Wallahi na ji maganar nan har cikin haƙorina. Ni da na koya masa bambancin jar waya da baƙa, yau ni ne mai miƙa sifana.

Kuma abin haushi, ya iya. Ya ja wayoyin a jere ta bayan dashbod, ya nisanta su da salansa, ya sa fis inda ya dace, ya ɗaure komai tsaf kamar kitson amarya. Direban motar yana ta "Masha Allah, ɗan boko!" Ni ina tsaye ina neman aibu, ban samu ba.

Sai da ya zo kan sondin ruwa. Ya zaro farin tef irin na masu gyaran famfo, ya naɗe wuyan sondin da kauri don kada ruwa ya yi yoyo, sannan ya murɗa. Gabana ya faɗi, amma faɗuwar daɗi. Sondin nan waya ɗaya gare shi, ta jikin ƙarfen inji wutar ke komawa. In ka raba ƙarfe da ƙarfe da tef, allura za ta motsa, amma ƙarya za ta riƙa yi, ta nuna sanyi alhali inji na tafasa. Wannan ba ya cikin takardarsa. Ni da mari na koye shi.

Aka tada mota, ta daɗe tana kuka. Allurar ruwa ta ɗaga kaɗan ta tsaya. Direba ya ce kai, injin nan lafiya lau. Na ɗora tafin hannuna a kan tiyon lagireto, na janye da sauri. Na buɗe baki, sai na rufe. Alhaji zai zo bayan la'asar ya ga aiki kafin mota ta kama hanya. Na ce a raina, bari ya zo. A gabansa zan kwance sondin nan, in warware tef ɗin a hankali, kowa ya ga wanda ya san mota da wanda ya san takarda.

Mun yi azahar, mun ci acake, wato dambun rogo, da kifi. Baba yana ta kallona, na ɗauka ƙishirwa yake ji, har na miƙa masa ruwa. Can ya ce in je unguwar Adjamé, wajen wani mai kayan gyara kusa da 220 Logements, in karɓo masa rile guda biyu, ƴan makunnan wutar mota. Na duba rana, na ga zan je in dawo.

Ban dawo ba. Ruwan sama ya sauko, gadar komawa Treichville ta cushe, motar hayar da na shiga ta tsaya cik. Na ji kiran la'asar ina tsakiyar gada, ina kallon jiragen ruwa a tasha. Gaskiya, abin da ya fara zuwa raina ba shanu ba ne, ba inji ba ne. Baƙin cikina shi ne Alhaji zai yaba wa ƙanena ba na nan. Sai daga baya na tuna direba, da dajin da zai ratsa yana kallon allurar da ke yi masa ƙarya. Na kira wayar Baba, bai ɗauka ba. Lambar ƙanena na gabana, amma yatsana ya ƙi dannawa.

Na iso a jiƙe. Inda motar take, sai ɗigon baƙin mai. Baba na zaune shi kaɗai a kan benci.

"Baba, motar nan a kira ta ta dawo. Sondin ruwa..."

Ya sa hannu a aljihu, hannun na karkarwa, ya fito da farin tef a dunƙule.

"Wannan?"

Na gane shi, tef ɗin sondin ruwa ne.

"Na ga lokacin da ka gani. Na ga ka taɓa tiyo. Tun hantsi nake jiran ka yi magana, har muka gama cin abinci." Ya mai da tef ɗin aljihu. "Alhaji ya tambaye ni wa zai riƙa kira. Da safe sunanka ne a bakina."

Makullin akwatin kayan aiki da ke rataye a wuyansa tun ina yaro ba ya nan.

Ana haka ƙanena ya fito daga wanke hannu, igiyar makullin na leƙowa ta wuyan rigarsa. Ya zo ya kama hannuna da hannu biyu.

"Yaya, na gode. Baba ya ce kai ka gano, ka ce a gaya mini a ɓoye don kada in ji kunya gaban Alhaji. Wallahi ba zan manta ba."

Na dubi Baba. Yana kallon ruwan saman da ke zuba daga kwanon rufi.

Baba ya rasu bayan shekara uku, bai sake tada maganar ba. Ni yanzu a Adjamé nake, ina gyaran wutar ƙananan motocin haya. Ƙanena ya faɗaɗa gareji, motocin Alhaji na nan a hannunsa, kuma in na wuce na ga layinsu har yau sai in kau da kai. Duk wanda ya zo sa agogon zafi, sai ya ba shi labarin tef ɗin nan. In ina wurin ya nuna ni ya ce, "Yayana ne ya rufa mini asiri."

Ni kuma sai in yi murmushi in ce ba komai.