Kwalbar Jinin Da Na Bari A Bakin Taga

Edita, na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuto. A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, ni saurayi ne ɗan Birnin Kudu, sabon ma'aikaci a ɗakin gwajin jini na wani asibiti da ba zan kama sunansa ba. Ga farar riga, ga sabon babur, ga girman kai kamar ni na ƙirƙiro allura. Shugabanmu wani dattijo ne mai naɗe kwalbar jinin jarirai masu shawara da baƙar takarda, yana cewa haske yana cinye abin da ake aunawa a ciki. Ni kuwa na ɗauka camfin tsofaffi ne, har kwaikwayonsa nake yi in ya ba da baya.

Wata rana dattijon yana hutu aka kawo wata bakwainiya daga ƙauyen Maruta, kwananta huɗu a duniya. Likita ya ce a auna yawan shawarar da ke jininta: in ta yi yawa a tura ta Kano a canza mata jini, in ba ta kai ba a sallame su. Da hantsi aka kawo mini jinin. Na dire kwalbar a bakin taga ba takarda, na fita nuna wa abokai babur, ban dawo ba sai bayan azahar. Na auna, lamba ta fito ƙasa, na sa hannu.

Kakar yarinyar ta biyo ni har ƙofa. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta danna hancin jikarta da tafin ƙafarta, duk rawaya ne kamar gwaiduwar ƙwai, ga shi ta daina kama nono. Ta roƙe ni don Allah in sake dubawa. Na daka mata tsawa, na ce inji ba ya ƙarya, in idonta ya fi shi gani ta zo ta karɓi rigata. Aka sallame su. Bayan kwana biyu dattijon ya dawo, ya ga inda nake ajiye kwalabe. Bai yi faɗa ba, sai ya raba jini ɗaya gida biyu, rabi a taga, rabi cikin takarda, ya sa na auna. Lambar na taga ta zube ƙasa warwas. Nan take na tuna da bakwainiyar. Na san ƙauyensu, ga babur a ƙofa, amma tsoron kora ya sa na ja bakina na yi gum. Wannan shirun ya fi gangancin farko ƙazanta, kuma shi nake ƙyamar kaina a kai.

Bayan shekara shida, a kasuwar Gwaram tsohuwar ta gane ni. Yarinyar tana goye a bayan uwarta, ƙafafu suna reto, wuya a sanƙare, ba ji ba magana. Na tsaya ina jiran tsinuwa. Sai tsohuwar ta durƙusa, ta kira ni likita, ta nemi gafarar musun da ta yi da ni. Ta ce tunda takarda ta nuna lafiya lau, iska ce ta shafi yarinyar daga baya. Ta ɗebo ƙwan zabi biyar ta ba ni. Na karɓa, jama'a. Har godiya na yi.

Ku da kuke aikin gwaji, ku ji tsoron Allah. Lambar da kuke rubutawa rayuwar ɗan wani ce. In ido ya saɓa da takarda, ku sake aunawa, in kun yi kuskure ku faɗa tun ana iya gyarawa. Ni dai tun ranar kasuwar nan ban sake iya haɗiye ƙwai ba.