Kallamu, Kantoman Wata Goma

Kakan Kallamu daga Borno ya zo fatauci, ya yi aure a wani ƙauye arewa da Makoɗa, bai sake komawa ba. A nan aka haifi Kallamu. Ya yi noman gyaɗa, ya koyar a firamare shekara goma sha shida. Da yake shi ya iya rubuta takarda, shi ƙauyuka bakwai na yankin suka ɗora wa aikin nema masu ƙaramar hukuma tasu ta kansu. Hedkwatarsu tana da nisa, da damina kuma rafi kan raba su da ita.

Shekara tara yana hawa motar Kano da fayil a hammata. Sau da yawa yakan wuni a kan benci, sai la'asar a ce masa mai gida ya fita. Ana nan, gab da wani zaɓe, aka yanka masu yankin raya ƙasa, aka naɗa shi kantoma. Tsohon siton gyaɗa aka share, aka shafa masa fenti, ya zama ofis. Matarsa Kaltumi ta ce ran nan ta fara ganin hawayensa.

Gada ya fara nema. Injiniya ya zo ya auna, ya kafa turaku. Kafin a kawo siminti gwamnati ta sauya. Kallamu yana alwalar azahar ya ji a rediyo an rushe yankunan raya ƙasa. Watansa goma a kan kujera.

Sau uku ya je Kano. A zuwan ƙarshe wani jami'i ya ce masa, "Malam, a takarda yankinku ma babu shi. Wa zan ce ya zo?"

Ya koma gona, amma mutane ba su daina sallama a ƙofarsa ba. Daminar bara ruwa ya tafi da mijin maƙwabciyarsa Hure, yana ƙetare rafin da buhun taki a ka. Da ta fita takaba sai ta zo.

"Ranka ya daɗe, ka yi mana magana a sama. Kai suka sani."

"Hure, ai ba ni da kujera yanzu."

"To wa za mu gaya wa?"

Sai ya ce Kaltumi ta miƙo masa biro. Ya cika shafi biyu, ya karanta wa Hure, ta yi ta godiya. Da ya zo kan ambulan ya rasa sunan wanda zai rubuta. Ya ce mata ta je gida, zai kai. Har yau takardar tana aljihun rigarsa.