Heliman Ɗakin Gam

Inuwa mutumin wani ƙauye ne a gabas da Ringim. Farin 1973 ya cinye musu gero da awaki, ya hau akori-kura ya shigo Kano. Ya yi wata biyar yana dako a Sabon Gari kafin ya samu aiki a wani kamfanin takalma a Sharaɗa. Aka sa shi ɗakin gam, inda ake shafe tafin takalmi kafin inji ya danne shi. Ɗakin dogo ne, tagoginsa can sama, ba a buɗe su don kada ƙura ta ɓata aiki. Sabon shiga sai ya kwana uku yana jiri. Inuwa kuwa ko gezau, har ake cewa kansa dutse ne.

Cikin shekara shida ya zama helima, shi ke raba wa mutum ashirin aiki. Ya auri Kulu, ya kama gida a Panshekara, ya sayi keke. Duk wanda ya zo daga ƙauyensu neman abin yi, a zaurensa yake sauka. Mutum bakwai ya shigar ɗakin nan, cikinsu har da Sule, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya biyu.

A 1982 Sule ya fara ganin jini in ya yi asuwaki. Aka ce dasashi ne. Sai haɓo, wanda ba ya tsayawa sai an cika tsumma. Tafin hannunsa ya ɗashe, tafiya daga bakin titi zuwa ƙofar kamfani ta zama sai ya huta sau biyu. Asibitin cikin gari suka ba su takarda zuwa sashen cututtukan jini na wani asibitin koyarwa, tafiyar awa uku a mota.

A can suka haɗu da Dakta Uwaisu, siririn mutum marar gaggawa, ɗalibai shida na biye da shi da littattafai. Aka ɗebi ɓargon Sule da wata ƙatuwar allura. Inuwa ya ba da jininsa aka ƙara wa ƙanen. Kwana biyu bayan haka likitan ya kira shi ɗakin gwaji, ya ce ya sa ido a madubin likita.

"Wannan ɓargon mai lafiya ne, Malam Inuwa. Me kuka gani?"

"Kamar kasuwa ta cika, likita."

Ya sauya gilashin. "Wannan fa?"

Inuwa ya daɗe yana kallo. "Wannan an watse."

"Na Sule ne. A ɓargo ake yin jini, nasa ya kusa daina yi. Shi ne na uku da na gani daga Sharaɗa cikin shekara biyu, kuma duk masu yin takalma ne. Da me kuke wanke hannu in an tashi?"

"Da ruwan da ake tsinka gam. Yana nan cikin duro."

"Yana fita daga kamfanin?"

Inuwa ya san yana fita. Duk ƙarshen wata yakan cika kwalba ya kai wa Kulu, tana yayyafawa a katifa saboda kuɗin cizo, ta rufe ɗakin. Shekara huɗu ke nan. Da ya faɗa, ɗaliban suka daina rubutu.

"Akwai kuma wata magana," in ji likitan. "Na duba jinin da kuka bayar. Naku ma ya fara raguwa."

Sule ya rasu da damina ta tsaya, bayan an ƙara masa jini sau tara. Dakta Uwaisu ya rubuta wa kamfanin yana neman izinin gwada ma'aikata, amsa ba ta zo ba. Inuwa ya ce to a zo gidansa. Ran wata Lahadi ya bi mutanensa gida-gida, wasu suka ƙi don tsoron kora, goma sha shida suka zo. Ɗalibai suka shimfiɗa kwalabe a tabarmar zaure, kowa ya miƙa hannu. Kulu ta miƙo nata ta bayan labule.

Nata ya fito lafiya. Na mutum huɗu bai fito lafiya ba, kuma uku cikinsu Inuwa ne ya kawo su Kano. Biyu suka bar aikin suka farfaɗo. Ɗaya ya koma gida Damagaram, ba a sake jin labarinsa ba. Na huɗun ya ce da yunwa gara gam, ya ci gaba da zuwa.

Inuwa ya ajiye helimanci ya buɗe rumfar gyaran keke a bakin titin Panshekara. Matar Sule da 'ya'yanta suka dawo hannunsa. Duk wata uku yakan je a ɗebi jininsa, har ɗalibai suka san shi, sababbi na gaishe shi da suna. Shekara biyu ana ce masa babu laifi.

A zuwansa na tara, Dakta Uwaisu ya daɗe bisa madubin fiye da yadda ya saba. Ya kira ɗaliban, suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kalli Inuwa. Sannan likitan ya cire tabarau ya goge.

"Kada ku jira wata uku, Malam. Ku dawo ran Litinin. Ku zo da 'yan'uwa biyu masu ƙarfi da za su ba da jini, waɗanda ba su taɓa aiki a ɗakin nan ba."

A motar komawa Kano Inuwa ya yi ta lissafa 'yan'uwansa da yatsu, har suka wuce Kura bai samu na biyun ba.